Ɗakin Da Ba Shi Da Bokiti

Shafi na 19

Na ga saƙonninku, har da na masu faɗa. Hannuna ba shi da sauri a waya, ku ƙara haƙuri. Mu koma gidan Magajiya.

Kwalin yana ƙarƙashin ƙafar gado.

Mai Jaka ta daɗe a tsugune tana kallonsa. Kwalin kwaroron roba ne, wanda ta miƙa wa Baƙuwa da hannunta ranar da ta sauka a gidan, kwana goma da suka wuce. Ko bakinsa ba a ɓare ba. An ga ƙafar gadon ɗaya ta gaza sauran tsawo, shi ne aka tura shi ya tokare ta.

Shekara shida ke nan tana ɗauko irin kwalayen nan daga ƙaramin asibitin da ke duba mata masu zaman kansu, tana bi ɗaki-ɗaki tana rabawa, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane, aka koma kiranta da jakar da take ratayawa. Ta ga wadda ta sayar da nata. Ta ga wadda ta bar nata a rana har ya lalace. Tokare gado kuwa, yau ta fara gani.

"Baƙuwa."

"Na'am, Yaya."

"Mene ne wannan?"

Baƙuwa tana bakin ƙofa tana tsefe kai. Ta leƙo, ta yi 'yar dariyar kunya. Shekarunta ba za su wuce ashirin da bakwai ba. 'Ya'yanta biyu suna hannun yayarta, wadda har yau take zaton wanke-wanke ƙanwar ke yi a wani gidan abinci.

"Gadon ne yake rawa. Na ce tunda ba amfani zan yi da shi ba, gara ya yi wani aikin."

"Ba amfani za ki yi da shi ba."

"Ai ni an yi mini allura."

Mai Jaka ta miƙe a hankali, gwiwoyinta suka yi ƙara.

"Wace allura?"

"Ta wata uku. Inna Magajiya ce ta kai ni wurin mai kemis ran Lahadi. Ta ce wadda aka yi wa ita ba ruwanta da roba. Ba ciki, ba ciwo, ba komai. Ta ce roba ta mutanen da ce, irinku." Ta rufe baki da tafin hannu. "Yi haƙuri, Yaya, haka ta faɗa."

Mai Jaka ta shiga bin ɗakin da ido. Da can nan ake ajiye gawayi da tsofaffin katifu. Yana can ƙarshen gida, bayan tankin ruwa, kuma shi kaɗai ne ke da ƙofa ta biyu mai fita lungu. Ta dubi bayan ƙofa, ta dubi ƙarƙashin gado, ta dubi kusurwar da baho yake.

"Ina bokitinki?"

"Inna ta ce sun ƙare."

Kowace mace a gidan nan tana da bokitin ƙarfe a bayan ƙofarta, kuma ba don wanka kaɗai ba. Doka ce da Mai Jaka ta sha zagi kafin ta zauna. Duk namijin da ya ce shi ba zai sa roba ba, mai ɗakin za ta ɗauki murfin tukunya ta buga bokitin sau uku. Da an ji, kowace ta tura ƙofarta ta sa sakata. Komai kaurin aljihunsa, haka zai ratsa tsakar gida shi kaɗai ya fice, babu wadda za ta karɓe shi a bayan 'yar'uwarta.

Yanzu ga ɗaki ba bokiti, ga ƙofa ta lungu.

"Maza nawa suka shigo miki?"

"Uku." Ta sunkuyar da kai. "Satin farko ai kuka kawai na yi ta yi, Inna ta ce a ƙyale ni. Sai ran Litinin."

"Wa ya fara?"

"Wani ƙato mai zobba a yatsu, yana ta ƙanshin turare. Na ji Inna tana ce masa Ɗan Kwangila."

Nan take Mai Jaka ta gane mutumin.

Ran Litinin bayan la'asar, da kunnenta ta ji Doguwa, ɗaya daga cikin matan gidan, ta buga wa mutumin nan bokiti. Da idonta ta ga ya fita yana gyara hula yana murmushi, har ta yi mamakin wanda aka kora yake murmushi. Ashe zagayowa ya yi.

Kuma ta san shi a inda babu wadda ta san shi a gidan. Shekara biyu tana ganinsa yana shigowa asibitinsu ta ƙofar baya, hula a kan gira, yana karɓar maganin ƙanjamau. Wata takwas ke nan da ya ɗauke ƙafa. Sista, ma'aikaciyar jinyar asibitin, ta yi ta kiransa har ya toshe lambarta. Amma ranar da aka ɗauki Mai Jaka aikin rabon nan ta sa hannu a takarda, ta kuma rantse, cewa abin da ta gani a asibiti a asibiti zai kwana. Da za ta buɗe baki a kan mutum ɗaya, gobe babu matar da za ta sake bin ta gwaji.

Ta zaro waya. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin, ranar Alhamis.

"Ɗaura ɗankwalinki, mu je asibiti."

"Lafiyata ƙalau, Yaya."

"Saurare ni da kyau. Allurar nan ciki take hanawa, ciki kaɗai. Akwai wani magani da ake ba wadda ta kwanta da namiji ba roba, ya tare cuta kafin ta zauna a jiki. Amma sai an fara shi cikin kwana uku. Naki kwana ukun yau da la'asar suke cika, asibiti kuma ƙarfe huɗu yake rufewa. Kin gane?"

Baƙuwa ta ja da baya har ta jingina da ƙyaure.

"Ba zan je ba. Inna ta ce a can suna ɗaukar hoton mutum da sunan iyayensa, su kai wa 'yan sanda. In yayata ta ji abin da nake yi, wallahi ba zan ƙara ganin yarana ba."

"Ƙarya aka yi miki."

"To ni wa zan gaskata? Ita ta tsince ni a tasha ina kuka. Ita ta ba ni ɗaki."

Mai Jaka ta duƙa ta fizge kwalin. Gadon ya karkace ya bugi ƙasa. Ta riƙo hannun Baƙuwa ta ja ta zuwa tsakar gida.

Magajiya tana ƙarƙashin rumfa a kujerarta ta kullum, ta tsoma kumburarrun ƙafafunta cikin bahon ruwan ɗumi, rediyo a cinya. Doguwa tana wanki a bakin famfo. Sauran matan wasu na shanya, wasu na kwance a tabarma suna duba waya.

Mai Jaka ta dire kwalin a gaban bahon.

"Inna, ina wuni."

"Lafiya lau, likitan gida. Yau kuma lacca za a yi mana tun ba mu ci na rana ba?"

"Ke kika ce wa yarinyar nan allura tana hana ciwo?"

Magajiya ta rage muryar rediyo, ba ta kashe ba.

"Allurar sharri ce? Ba ke kika kawo mana ita gidan nan ba, kina ta yabo?"

"Na ce allura don ciki, roba don ciwo, biyun tare. Sau nawa na faɗa a tsakar gidan nan?"

"Har ni na haddace," in ji Doguwa, ba ta ko ɗago daga wankin ba. "In na mutu aka tambaye ni a kabari, ina tsoron kada shi na fara karantowa."

Wasu suka yi dariya. Mai Jaka ba ta yi ba.

"Doguwa, mutumin da kika buga wa bokiti ran Litinin, kin san ina ya tafi?"

"Gidan uwarsa, ina fata."

"Ya zagaya lungu. An buɗe masa ɗakin gawayi. Na Talata ma haka, na jiya ma haka. Duk wanda kuka kora ta gaba, ana shigo da shi ta baya, wurin wadda ba ta san dokar gida ba, ba a ba ta bokiti ba, aka kuma ce mata an yi mata rigakafin komai."

Doguwa ta saki zanin da take matsewa ya koma cikin kumfa.

"Inna, haka ne?"

Magajiya ta fitar da ƙafa ɗaya daga ruwa ta ɗora a kan tawul.

"To haka ne, sai me? Gidana ne ko naku? Shekara shida kuna ta kaɗa mini bokiti kamar masu tallan ƙarfe, manyan mutane suna tsallakewa gidan gaba. Wa yake gyara rufin nan in ya yi yoyo? Wa yake fita ya tari hukuma in sun zo? Yarinya ta zo da yunwa, na ba ta waɗanda suka fi kowa sakin hannu. Na kai ta an yi mata allura don kada ta ƙara wa kanta ɗa na uku. Ku gaya mini inda na cuce ta."

"Kin cuce ta inda kika san gaskiya kika faɗa mata ƙarya. Da kin ce mata ga hatsarin, ta zaɓa da kanta, da sai mu ce tsautsayi. Amma kin zaɓi wadda ba ta san komai ba saboda ba ta san komai ba."

"Ke, kama bakinki. Na girmi uwarki."

"Uwata ba ta taɓa tura 'yar wani rami ba."

Magajiya ta yi wani murmushi mai sanyi. Ta juya wurin Baƙuwa, wadda ke tsaye tana murɗa bakin zaninta.

"'Yata, dubi nan. Kin ga Ɗan Kwangila da idonki. Wuyansa kaɗai ninki uku ne. Fatarsa tana sheƙi kamar an goge ta da mai. Mai ciwo haka yake? Ba kin taɓa ganin masu ciwon nan ba, ƙashi da fata, ana ɗaga su ana kwantarwa?"

"Na taɓa gani," Baƙuwa ta ce a hankali.

"To kin gani." Ta dawo kan Mai Jaka. "Ke kuma da kike wuni a asibiti kina leƙa katin mutane, in kin san wani abu a kansa, ga mu ga ki. Faɗi. Faɗi mana, mu ji."

Idanu suka dawo kanta gaba ɗaya.

Maganar tana nan a bakin harshenta. Kalma huɗu ko biyar ce, da za ta faɗe su da Baƙuwa ta ruga asibiti da gudu ko takalmi ba ta sa ba. Amma cikin matan da ke kallonta akwai uku da ita ta raka su gwaji, ita kaɗai ta san abin da aka gaya musu a bayan labule. Ta ga yadda ɗayarsu ta daina latsa waya, ta ƙura mata ido, tana jiran ta ga ko bakin Mai Jaka yana yoyo.

"Ban san komai a kan kowa ba," ta ce.

"Kun ji ko?" Magajiya ta tafa hannu sau ɗaya. "Ba ta san komai ba. Hassada ce kawai, an ga yarinya sabuwar jini. Koma ɗakinki, 'yata, ki kwanta ki huta."

Baƙuwa ta juya za ta tafi.

Mai Jaka ta dubi waya. Biyu saura minti biyar.

"Tsaya nan. Minti ɗaya na roƙe ki."

Ta shiga ɗakinta. Suna jin ta jawo akwati, ta buɗe, ta rufe. Ta fito da tsohon gwangwanin madara, wanda kowa ya san na zare da allurar ɗinkinta ne. Ta tsuguna a kan tabarma, ta cire murfin, ta kwashe zarurrukan da ke sama. A ƙasa akwai farar roba ta magani, an kankare takardar jikinta. Ta buɗe ta, ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannunta.

"Baƙuwa, zo ki gani. Kin san wannan?"

"A'a."

"Maganin ƙanjamau ne. Nawa ne. Shekara tara ina sha, ɗaya kullum, ban taɓa tsallake rana ba."

Famfo kaɗai ke ɗiga cikin bahon Doguwa.

"Dube ni da kyau. Ni nake ɗaukar jarka biyu daga tanki zuwa nan ban sauke ba. Na yi miki kama da ƙashi da fata? In kin gan ni a hanya za ki ce ina da wani abu?"

Baƙuwa ta girgiza kai.

"Nima allura aka yi mini lokacin da na fara. A wani gida ne, ba nan ba, amma maganar iri ɗaya ce, kamar a makaranta ɗaya suke koyo. Aka ce ba ciki, ba ciwo. Cikin kam ban yi ba, allura ta yi aikinta. Lokacin babu wadda ta ce mini akwai kwana uku. Da akwai wadda ta ja hannuna ranar, ko da mari ne, da har yau ina yi mata addu'a." Ta mayar da ƙwayoyin cikin robar, ta rufe. "Ni ba mutuwa zan yi ba, maganin nan yana riƙe ni, kuma babu namijin da ya taɓa shiga ɗakina ba roba tun ranar da na sani. Amma ke kina da hanyar da ni ban samu ba. Wata ɗaya za ki sha, ki huta. Ko ki zauna, ƙila ki sha har ƙarshen ranki. Saura awa biyu."

Wata daga cikin matan ta miƙa hannu a hankali ta janye kofinta daga kusa da tabarmar. Mai Jaka ta gani. Shekara shida suna shan ruwa a kofi ɗaya da ita.

Magajiya ta kashe rediyo.

"Shekara shida," ta ce. "Shekara shida kina zaune mini a gida da wannan abin, kina yi wa mutane wa'azi. In maganar nan ta fita ƙofar gida, wane namiji ne zai ƙara tako nan? Kin kashe mana kasuwa gaba ɗaya. Kafin magariba ki kwashe komatsanki. Ita kuma wannan, in ta bi ki ta taka ƙofar nan, ta tafi ke nan, kada ta dawo mini. Sai ta je ta gaya wa yayarta gidan abincin ya ƙone."

Baƙuwa ta tsaya a tsakiya, tana kallon wannan tana kallon waccan.

Doguwa ta goge hannu a zaninta. Ta shiga ɗakinta ta fito da bokitinta da murfin tukunya, ta zo ta tsaya daidai gaban kujerar Magajiya.

Ta buga sau ɗaya. Ta buga na biyu. Ta buga na uku.

"Doguwa, ni kike buga wa bokiti?"

"Doka ta ce wanda ya ƙi roba, Inna. Ba ta ce namiji ko mace ba."

Matar nan da ta daina latsa waya ita ta fara tashi. Ta shiga ɗakinta ta tura ƙofa, aka ji ƙarar sakata. Sai ta kusa da ita. Sai ta gaba. Ba duka ba, mai kofin nan da wasu biyu suna zaune inda suke, kansu a ƙasa. Amma ƙofa bakwai sun rufu, da rana tsaka, ranar Alhamis.

"Ku tafi," Doguwa ta ce. "Katifata tana ɗaukar mutum uku in ba mai minshari. Ke Baƙuwa, in kika ƙara minti ɗaya a nan, ni zan goya ki, kuma ba na goyo da tausayi."

Baƙuwa ta sa takalmi.

Sun daɗe a bakin titi kafin su sami mota. Wadda suka samu ta tsaya ɗaukar kaya, ta tsaya shan mai, ta kuma shiga cunkoso a gaban kasuwa inda wata babbar mota ta mutu a tsakiyar hanya. Mai Jaka tana duba waya tana mayarwa. Uku da kwata. Uku da rabi. Suka sauka suka ƙarasa da ƙafa, tana gaba tana jan Baƙuwa ta tsakanin masu tura baro.

Huɗu saura kwata suka shiga. Mai ba da kati ya riga ya rufe tagarsa rabi, yana ɗaure igiyar takalmi.

"An tashi."

"Malam, saura kwata."

"A agogonki." Ya ɗago ya dubi Baƙuwa daga sama har ƙasa, ya taɓe baki. "Sabuwa aka samo? Ku kullum haka kuke. Ku kwana kuna sha'aninku, ku wuni kuna barci, sai mutum zai tafi wurin iyalinsa ku kwaso jiki. Ku dawo gobe."

"Gobe ba ta da amfani. Kwana ukunta yau suke cika."

"Da ta tuna da haka kafin ta kwanta."

Baƙuwa ta saki hannun Mai Jaka ta fara ja da baya wajen ƙofa. Mai Jaka ta cafko ta, sannan ta sa ɗaya hannun ta tokare tagar.

"Asibitin nan don wa aka buɗe shi? Don wa ake ba ka kujerar nan? Shekara shida ina lallashin mata su zo, kai kana korar su da baki. Mazan da suke shigowa ta ƙofar baya, ka taɓa tambayar ɗayansu inda ya kwana? Miƙe musu kake yi kana cewa ranka ya daɗe. Ka rubuta katin nan, ko na tsaya a nan na yi ta magana har masu gadi su gaji da ni."

"Me ake yi a nan?"

Sista ce ta fito daga ciki, jakarta a kafaɗa, makulli a hannu. Mace ce mai furfura a goshi, ba ta da yawan magana. Mai Jaka ta gaya mata a taƙaice. Sista ta dubi agogon bango, ta sauke jakar.

"Rubuta mata kati. Ku shigo."

A ɗakin gwaji Baƙuwa ta ƙi sakin zanin Mai Jaka.

"Ina so ta zauna."

"To ta zauna," in ji Sista. "Ba hoto, ba sunan iyaye. Sunan da kika ga dama ma ki ba ni. Amma kafin na ba ki maganin sai na gwada jininki, haka ƙa'ida take, don na rigakafi ne, ba na wadda cutar ta riga ta zauna a jikinta ba."

"Kada ki ji tsoro," Mai Jaka ta raɗa mata. "Abin kwana uku ba ya nunawa a gwaji. Layi ɗaya zai fito, alamar ba ki da komai, a ba ki maganinki, ki haɗiyi na farko a nan, mu tafi."

Sista ta soki yatsa, ta ɗiga jinin a kan ɗan farin abin gwajin, ta ajiye shi gefen tebur. Ta ɗauko robar maganin daga kabad ta dire kusa da kofin ruwa, don kada a ɓata lokaci. Mai Jaka ta dubi robar, ta dubi agogo. Huɗu saura biyar. Sai yanzu ta ji numfashinta ya sauka har ciki. Ɗakinta ya tafi, asirinta na shekara tara ya tafi, amma sun iso.

Sista ta jawo takarda tana cikewa.

"Yara nawa?"

"Biyu."

"Akwai aure?"

"Ya rasu. Bara."

"Allah ya jiƙansa. Hatsari?"

"A'a, jinya ya yi. Tari ne da zazzaɓi, yana ta ramewa. Kusan shekara yana kwance. 'Yan'uwansa suka ce hannu aka sa masa a wurin aiki, ba su yarda an kai shi asibiti ba."

Alƙalamin Sista ya tsaya.

Ta miƙa hannu ta jawo abin gwajin gabanta. Ta duba. Ta ɗaga shi wajen hasken taga ta sake dubawa. Mai Jaka ta miƙa wuya, don ita ma ta iya karanta layukan nan, amma Sista ta riga ta kife katin a kansa.

Sannan ta ɗauki robar maganin da ke kusa da kofin ruwa, ta mayar da ita cikin kabad, ta rufe.

"Sista, lokaci," Mai Jaka ta ce. "Ba ta sha ba."

Sista ba ta dube ta ba. Baƙuwa take kallo, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ƙaramin yaron naki, har yaushe kika shayar da shi?"

"Ranar da zan taho na yaye shi. Me ya faru?"

Sista ta tashi ta buɗe ƙofa.

"Mai Jaka, ɗan jira mu a waje."